Zoɓo da Giyar Inabi a Wani Gidan Abinci na Birnin Meziko

A makon jiya na dawo daga ƙasar Meziko, kuma har yanzu barcina bai koma daidai ba, domin tsakanin agogonsu da namu akwai tazarar awa 7. Zoɓo ne ya kai ni. Na daɗe ina sayensa a Maigatari da Dawanau, ana tsince shi, a ɗura a buhu, a loda a kwantena, amma ban taɓa ganin inda yake ƙarewa ba sai a takarda, alhali kowa a wannan sana'a ya san cewa Meziko ce babbar mai sayen zoɓon Nijeriya. Mun tafi tare da abokin kasuwancina, wani Kirista ɗan Wusasa wanda shi ne ke kula mana da takardun fitar da kaya, kuma kasancewarsa a tafiyar ita ta sa na samu abin faɗa game da giyar inabi, abin da ni ban taɓa kai wa baki ba.

Maganar jirgi ba ta da wani armashi. Daga Abuja muka bi ta Istanbul, sannan muka yi doguwar zama a sama har ƙafafuna suka kumbura. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne numfashi: Birnin Meziko yana zaune a tsayin mita 2,240 daga saman teku, don haka hawan bene ɗaya da jaka a hannu ya isa ya sa mutum haki. Mai masaukinmu, wanda shi ne mai sayen kayan namu, ya ce in rage sauri in yawaita shan ruwa, jiki zai saba.

Da sassafe ya kai mu babbar kasuwar sari da ake kira Central de Abasto, a yankin Iztapalapa. An buɗe ta a 1982, faɗinta ya haura hekta 300, kuma masu turin kaya a cikinta ba sa jiran kowa, sai dai su yi fito mutum ya kauce. A layin busassun kaya, tsakanin tulin barkono iri-iri da wake da kirfa, na ga zoɓo a buɗaɗɗun buhuna, kowane da kwalin da aka rubuta asalinsa da farashinsa. Su jamaica suke ce masa. Ga na Nijeriya, ga na Sudan, ga nasu na gida wanda aka fi nomawa a jihar Guerrero, kuma nasun ya fi namu tsada nesa ba kusa ba. 'Yan kasuwar sun ce namu ya fi ba da launi, nasu ya fi ƙamshi. Wani dattijo a cikinsu bai manta da lokacin da hukumar ƙasarsu ta dakatar da shigo da zoɓonmu saboda ƙwaron khapra da aka samu a cikin kaya ba, kuma ya tuna mini da wannan da fara'a, amma na fahimci saƙon.

Mutanen Meziko ba sa cin babban abincinsu na rana sai wajen ƙarfe 2 zuwa 4. Mai masaukinmu ya ce ba zai kai mu wurin 'yan yawon buɗe ido ba, zai kai mu inda shi yake ci. Ƙaramin gidan abinci ne na unguwa, irin wanda suke kira fonda: tebura kaɗan da aka lulluɓe da leda mai zanen furanni, kujerun roba, talabijin a sama ana nuna ƙwallo, hoton Maryamu ta Guadalupe a bango da ɗan kyandir a gabansa. A bakin ƙofa wata mata tana mulmula ƙullun masara tana gasa tortilla a kan faffaɗan kasko. Mai gidan abincin mace ce mai kimanin shekara 60, 'yarta kuma ita ke kai wa mutane abinci. Tsarin nasu farashi ɗaya ne: romo da farko, sannan shinkafa, sannan miyar da mutum ya zaɓa, da tortilla iya cinsa, da ɗan abin zaƙi, da abin sha na ranar, duka peso 110, wato wajen dala 6.

Tun a mota na gaya wa mai masaukin abu biyu, cewa ba na cin alade ko abin da aka soya da kitsensa, kuma ba na zama a teburin da aka ajiye giya. Na farkon yana da muhimmanci a can, domin da kitsen alade ake soya dakakken wake a gidaje da dama, kuma naman da ake gasawa a tsaye kamar shawarma, wanda suka gada daga Larabawan Labanan da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, su da alade suke yin sa. Mutumin bai nuna ko ɗan jin nauyi ba. Ya shiga da kansa ya tambayi uwar gidan da wane mai take girki, ya zaɓa mini kifi da shinkafa da wani ganyen tsiro mai ƙaya da ake kankarewa a gasa, sannan ya sa aka ware mana tebur dabam kusa da inda aka jera abin sha, ya zauna tare da ni, ya ce shi ma ba ya shan giya da rana. Abokina ya zauna a teburin da ke maƙwabtaka da mu tare da abokin hulɗar mai masaukin, wani tsoho haifaffen Sifaniya wanda ya shafe shekaru masu yawa a Meziko amma har yau bai yarda abinci ya cika abinci ba in babu giyar inabi. Daga inda nake ina ganin komai, ina kuma jin komai.

Jerin abin sha yana bayan takardar abincin. Giyar sha'ir ta ci kusan rabin shafi, kowace da sunanta, Corona da Victoria da Modelo da sauransu, sannan tequila da mezcal, wato barasarsu ta gida mai ƙarfi, sannan lemon kwalba. Giyar inabi layi biyu kacal ta samu a can ƙasa, ja da fara, babu sunan kamfani, babu ƙasar da ta fito, babu shekara. Kofi ɗaya peso 90. Ni da ba mashayi ba ma sai da wannan lissafi ya tsaya mini a rai, wai kofi guda na abin da ba a ko san sunansa ba ya kusa kai kuɗin cikakken abinci mai hawa uku wanda mace ta tashi tun asuba tana dafawa.

Tsohon ya nemi ja. Yarinyar ta tsaya kaɗan kamar mai tunanin inda aka ajiye ta, sannan ta taka kujera ta sauko da kwalba daga kan wani katako da ke saman wurin girki, inda zafin kasko da hayaƙin mai suke tashi tun safe. Kwalbar ta yi rabi, an mayar da toshiyarta a karkace, kuma sai da ta goge ta da tsumma kafin ta kawo. Kofuna masu doguwar ƙafa ma sai da aka lalubo su a cikin kabad aka wanke. Tsohon ya ɗaga kofin ya duba ta wajen haske, launin ya koma ruwan ƙasa a gefe-gefe, ya kai hanci, ya ajiye bai sha ba. Abokina, wanda ya fi shi ƙarfin hali, ya kurɓa, ya juyo ya ce mini da Hausa: "Alhaji, wannan ai ta riga ta zama ruwan khal. Da a kwaɗon latas aka zuba ta da ta fi amfani." Daga baya ya bayyana mini cewa jar giyar inabi idan aka buɗe ta iska ta shiga, kwanaki kaɗan take yi ta juya, ballantana a ajiye ta a wuri mai zafi.

Sai suka gwada farar. Ita ba ma a kwalba take ba, a kwali take irin na madara, a cikin firjin lemo, ta yi sanyi ƙarara. Abokina ya ce zaƙi ne kawai da sanyi, babu wani abu a bayansu. Nan fa tsohon ya ce a kawo sabuwar kwalba wadda ba a buɗe ba, in akwai. Aka samo guda ɗaya, 'yar ƙasar Chile, irin wadda mai masaukinmu ya ce ana sayarwa wajen peso 150 a kanti, su kuma suka sa mata 450. Ba ta lalace ba, amma da ɗumi ta zo, kuma da yarinyar ta ga ana ƙorafi sai ta kawo ƙanƙara a faranti da cokali don su jefa a kofi. Fuskar da tsohon ya yi a wannan lokaci ta sa hatta mutanen teburin baya dariya. A ƙarshe bokitin da ake sanyaya giyar sha'ir aka kawo aka tsoma kwalbar. Duk da haka ba su ji daɗinta ba, domin da suka fara cin abinci da miyar barkono da lemon tsami, dukansu biyu suka ce giyar ta ƙara wa yajin zafi, ta bar ɗaci a baki.

Uwar gidan ta fito tana share hannu a jikin rigar girkinta, ta saurari tsohon har ya gama, mai masaukin yana fassara mini. Amsarta gajeriya ce: "Señor, a wata guda mutum ɗaya ko biyu ke tambayarta. Na ajiye ne don kada a ce babu." Ta cire kuɗin kofuna biyun farko daga lissafi ba tare da an roƙe ta ba.

Na tambayi mai masaukin yadda aka yi ƙasar da Sifaniyawa suka mulka shekara 300 ba ta damu da abin shansu ba. Ya ce ba don rashin tarihi ba ne. Tun a 1524 Hernán Cortés, jagoran Sifaniyawan da suka ci ƙasar da yaƙi, ya ba da umarni cewa Sifaniyawan da aka ba wa ƙasa su dasa inabi, kuma gidan yin giyar inabi mafi tsufa a duk nahiyar Amurka, Casa Madero, yana garin Parras a jihar Coahuila tun 1597. Inabin ya karɓi ƙasar sosai har ya fara rage wa giyar Sifaniya kasuwa, don haka a 1699 sarkin Sifaniya ya hana yin ta a can, in ban da wadda majami'u ke buƙata don ibada. Talakawa suka ci gaba da abin da suka gada, wato pulque da ake samu daga ruwan tsiron maguey, daga baya mezcal da tequila, daga baya kuma giyar sha'ir ta mamaye ko'ina. Giyar inabi ta zama abin masu hali da bukukuwa. A yau abin da mutum ɗaya ke sha a shekara, idan aka raba, bai wuce kusan lita 1 ba, kuma mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, daga Sifaniya da Chile da Ajantina da sauransu.

Sannan ga haraji, wanda shi ne ɓangaren da na fi saurin ganewa a matsayina na ɗan kasuwa. Ana ɗora wa giyar inabi haraji na musamman na kashi 26.5 cikin 100, a kuma ɗora harajin saye na kashi 16 a kai. Tasu ta gida, wadda aka fi yi a kwarin Guadalupe da ke jihar Baja California, ana yabonta, amma gonakin ƙanana ne kuma ruwa yana musu wuya, don haka sau da yawa ta fi ta Chile tsada a cikin ƙasarta, tunda Chile tana da yarjejeniyar ciniki da Meziko tun 1999. Mai ƙaramin gidan abinci da ke sayar da abincin peso 110 ba za ta ɗaure jarinta a kwalbar da za ta yi wata ba ta motsa ba. Za ta sayi mafi araha, ta ajiye inda ta samu wuri, ta manta da ita.

A ra'ayina tsohon ne ya nemi abu a inda ba gidansa ba, kamar mutumin da ya je teburin mai shayi yana neman fura mai kyau. Amma ita ma uwar gidan ban wanke ta gaba ɗaya ba. Kayan da ka san ba ka iya adana shi ba, gara ka goge shi daga takarda da ka sayar da lalatacce a kan cikakken farashi, domin baƙon da bai san darajar girkinka ba da wannan kofi ɗaya zai yi maka hukunci. Na faɗa wa mai masaukin haka, ya ɗaga kafaɗa ya ce abokan cinikinta na kullum ba ruwansu da wannan layi biyu.

Inda hankalin matar yake, a gabana yake tun da muka zauna. Manyan tulunan gilashi uku ne a jere a kan kanta, masu siffar ganga, kowane da ludayi da manyan ƙanƙara suna yawo a ciki: ja, fari, da ruwan ƙasa. Jan zoɓo ne, farin wani abin sha na shinkafa da suke kira horchata, na ukun tsamiya. Kowace safiya ake haɗa su, da ruwan da ake saye a manyan gorunan lita 20, domin ba a shan ruwan famfo a birnin, kuma abin da ya rage da yamma ba ya kwana. An ajiye mana jug guda na zoɓo a tebur, yana ƙarewa aka sake cikowa, ba a ƙara ko sisi a lissafi ba.

Zoɓon nasu ya bambanta da namu. Ya fi namu ruwa-ruwa, babu citta, babu kanumfari, babu ɓawon abarba, babu ƙamshin kwalba da matanmu suka koma zubawa yanzu, sukarin ma kaɗan ne. A kurɓar farko na ji kamar an yi masa rowa, amma da na haɗa shi da kifi da barkono sai na gane dalili: an yi shi ne don ya raka abinci, tsaminsa ya wanke baki ya kwantar da yaji, aikin da giyar peso 450 ta kasa yi a teburin kusa da mu. Namu da muke cika wa kayan yaji da zaƙi abin sha ne mai zaman kansa, ba na cin tuwo ba. Har yanzu na fi son namu da rana tsaka a Kano, amma a kan abinci nasu ya fi dacewa. Ban yi mamaki ba da na ga abokina ya ture kofinsa mai doguwar ƙafa gefe ya miƙo tambulan yana cewa, "Alhaji, a taimaka mini da na gida."

Da aka gaya wa uwar gidan cewa ni ne mai turo zoɓon daga Afirka, sai ta kama hanya ta ce in biyo ta madafa. Ta nuna mini buhuna biyu ƙanana. Tana haɗa namu da na Guerrero, namu don ja, nasu don ƙamshi, kuma ba ta bari ya daɗe a wuta, domin a cewarta yana yin ɗaci. Sannan ta ɗebo namu a tafin hannu, ta watsa a kan farin faranti, ta nuna mini da yatsa: ga yashi, ga guntun kara, ga 'ya'yan zoɓon da ba a cire ba. Ta ce sai ta wanke shi sau da yawa kafin ta dafa. Matar da ba ta san ko daga wace ƙasa giyar da take sayarwa ta fito ba, ta san bambancin zoɓon Sudan da na Nijeriya da ido, ta kuma san wanda ya fi yashi. Babu wani jami'in duba kaya da ya taɓa yi mini bayani dalla-dalla kamar yadda ta yi.

Abu na gaba da ta nuna mini shi ne wanda zan kai wa iyalina. Zoɓon da aka tace ba ta zubarwa. Tana matse shi, ta soya da albasa da tafarnuwa da ɗan barkono, ta naɗe a cikin tortilla da cuku. Ta ba ni guda na ci a tsaye. Yana da ɗan tsami da tauri-tauri mai daɗin tauna, kuma ta ce masu guje wa nama suna sonsa. Mu a gida wannan tuƙa a bola take ƙarewa.

Horchata kuwa da jiƙaƙƙiyar shinkafa ake yin ta, a niƙa da kirfa, a tace, a sa sukari, wasu su ƙara madara. Tsohon Basifaniyen, wanda zuwa lokacin ya huce, ya ce wannan ba ita ce ta asali ba, ta garinsu a Valencia da aya ake yi, kuma kasancewar ayar da suke nomawa ba ta isarsu, suna sayo ƙari daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Na ce masa ashe kunun aya yake sha tun yana yaro. A kan wannan muka shirya, har ya karɓi kofin tsamiya, wadda ita kam ba ta da maraba da tamu ta azumi sai dai rashin yaji.

Ɗabi'unsu a wurin cin abinci sun burge ni. Duk wanda ya gama zai fita sai ya yi wa teburan da ya wuce fatan a ci lafiya, ko bai san kowa ba, kuma ba wanda ke ɗaga wa yarinyar murya ko ya kira ta da tsaki. Wajen biyan kuɗi mai masaukin bai bari ko hannu na kai aljihu ba. Abin da ban saba da shi ba shi ne tukwici, kashi 10 zuwa 15 na kuɗin abinci, wanda ba a rubuce yake ba amma kowa ya san wajibi ne. Da aka kawo lissafi, kwalbar nan guda ɗaya ta kai kuɗin abincin mutum huɗu.

Daga baya an kai mu wani gidan abinci mai tsada a unguwar Roma, inda giyar inabi ke da littafinta dabam da ma'aikacin da aikinsa kenan, kuma yawancinta ta Baja California ce. Abokina ya ce wannan kam an san abin da ake yi, amma kofi ɗaya ya ninka abincin fonda sau biyu. Zoɓonsu a ƙaramin kofi aka kawo mini, an sa masa ganye a sama don ado, kuma bai kai na matar nan ba.

Mun je Querétaro, tafiyar kusan awa 3 arewa da birnin, muka wuce gonakin inabi a wajen Ezequiel Montes, da babban dutsen Bernal yana tsaye a bayansu. Ni a mota na zauna ina waya da Kano. Veracruz, inda kwantenoninmu ke sauka, zafi da gumi ne irin na Legas, kuma a can kofi da madara aka fi ba mu.

Mun sa hannu a kan cinikin kaka mai zuwa, da sharaɗin a tankaɗe zoɓon sau biyu kuma a cire 'ya'yan kafin a ɗura. Na riga na sa a ƙera mana sabbin rariya a Dawanau, kuma zan ƙara wa mata masu tsinta kuɗin buhu.